Shi ya buɗe taga, ni in rufe: zafi yana neman shiga tsakaninmu

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata uku da aure, ina da jaririya 'yar wata huɗu, kuma mahaifiyar maigidana tana zaune tare da mu tun bara. Ta haura shekara 70, tana shan maganin hawan jini. Gidan haya muke, ɗaki biyu da falo, rufin kwano ne da silin. Tun da zafin bana ya kankama ba mu da sukuni. Da rana gidan kamar an hura wuta, da dare kuma bango yana nan da ɗuminsa har bayan sha biyu. Yarinyar ta feso da ƙuraje, kwana take kuka. Ɗakin Mama ne rana take duka da yamma, a kwance take yini, in na kai mata ruwa ta ce ba ta jin ƙishi.

Maigida ya ce a bar tagogi a buɗe duk yini don iska ta shiga. Ni kuwa na lura in na rufe su da rana gidan ya fi dama-dama. In ya shigo ya buɗe, in ya fita in rufe. Na ce ya sayo na'urar sanyaya ɗaki ko da bashi ne, ya ce ba hali, kuma ko an saya kuɗin wuta zai gagare mu. Makon jiya raina ya ɓaci na ce masa da ya damu da mu da tuni ya yi wani abu. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ina tunanin in ɗauki yarinya in tafi gidanmu sai zafi ya wuce, amma wa zai kula da Mama? Ki ba ni shawara.

Daga wata ƙanwarki da ta gaji.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, sannu da rashin barci. Mai jego da ke kwana jijjiga jaririya, gari ya waye ta shiga hidimar dattijuwa cikin wannan zafi, ba abin mamaki ba ne in bakinta ya suɓuce. Za mu zo kan maganar maigida da ta taga, amma ki bar ni in fara da Mama, domin a duk wasiƙarki abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan "ba ta jin ƙishi".

Gaskiya Mama take faɗa, ba ta ji ɗin. Idan shekaru suka ja, jiki yakan rage sanar da mutum ƙishi, gumi ma yakan ragu, alhali gumi ne babbar hanyar da jiki yake sauke zafi. Ƙari a kan haka, wasu magungunan hawan jini aikinsu shi ne ƙara fitsari, ruwan jiki yana fita ke nan ba a mayarwa. Saboda haka kada ki jira ta nema. Ki ajiye mata ruwa mai ɗan sanyi inda hannunta zai kai, ki riƙa kawo mata a ƙaramin kofi kina tsayawa har ta kurɓa, kaɗan-kaɗan daga safe har dare. Dattijai da yawa ba sa son a yi ta cewa su sha ruwa kamar yara, amma in kika zauna gefenta da naki kofin kika ce "Mama, taya ni", da wuya ta ƙi. Launin fitsari shi zai nuna muku inda aka kwana: in ya yi duhu kuma ya ragu, ruwa bai isa ba. Kada ku tsayar mata da magani ko ku rage da kanku. Maigida ya kai kwalayen wurin likitanta ko mai harhaɗa magunguna ya tambaya ko akwai abin da za a gyara a lokacin zafi, musamman in an taɓa ce mata ta taƙaita ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Su kansu magungunan kada a bar su a bakin taga inda rana take dukansu.

Ɗakin nan nata kuwa, daga azahar zuwa bayan magariba ba wurin kwanciyarta ba ne. Ɗakin da ke kallon yamma shi yake shan rana a daidai lokacin da iskar waje ta kai ƙarshen zafinta, ya haɗa biyu ke nan. Ki shimfiɗa mata a wurin da ya fi sanyi a gidan, ko falo ne ko ɗakinku, kuma a ƙasa, don iska mai zafi sama take taruwa. Ki jiƙa tsumma ki goga mata a wuya da hannuwa da ƙafafu, ko ta tsoma ƙafa a ruwa. Idan kuma wata rana kika ga ta rikice, tana magana ba kan gado, ko jiri ya kwashe ta, ko tana amai, ko jikinta ya yi zafi rau tana neman suma, to kada a tsaya jiran gari ya yi sanyi. Ku jiƙa mata jiki, ku yi mata fifita, ku nufi asibiti nan take. Wanda ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Ita kuma 'yar taki, a wata huɗu nono ya ishe ta, har a wannan zafin. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa, sai dai a ƙara yawan shayarwa, ke kuma ki sha ruwa sosai. Ki lura da fitsarinta: in tana jiƙa ƙyalle kamar sau shida a yini da kwana, lafiya lau. In fitsari ya ragu sosai, ko maɗigarta ta faɗa, ko ta yi laushi ta ƙi kama nono, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti za ki. Ƙurajen nan galibi na gumi ne, ƙofofin fata ne suke toshewa. Ki rage mata kaya, 'yar riga ɗaya ta auduga mara nauyi ta isa, ki yi mata wanka da ruwa mai ɗan ɗumi-ɗumi wanda ba na ƙanƙara ba, ki bar jikin ya sha iska, ki guji shafa mata mai mai kauri da yawan hoda. Fanka ta riƙa juyawa a ɗakin amma kada a saita ta a kan fuskarta.

To, mu zo kan taga. Ke da maigida kowa yana riƙe da rabin gaskiya, lokacin kowa ne daban. Iska ba ta sanyaya ɗaki sai in ta fi iskar cikin ɗakin sanyi. Da tsakar rana, in waje ya fi ciki zafi, buɗe taga gayyato zafi ne, ya shigo ya zauna a bango da katifa da kujeru. Abin da kika lura da shi ke nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da take ba da shawara ke nan: a rufe tagogi a tare rana muddin waje ya fi ciki zafi, a buɗe su bayan duhu ya shiga in waje ya fi sanyi. Shi kuma maigida abin da yake ji a fatarsa ba ƙarya ba ne. Iska mai motsi tana busar da gumi, sai mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci ko da iskar mai zafi ce. Akwai ma inda zai fi ki gaskiya ɗungurungum: gida mai rufin kwano da siririn silin yakan iya fin waje zafi da rana tsaka, saboda kwanon yana gasa ɗakin daga sama. A irin wannan gida rufe ko'ina ruf yana tara zafin ne. Abin yi shi ne a rufe ɓangaren da rana take duka, a bar na inuwa a ɗan buɗe.

Ta yaya za ku san wanne ne naku? Gani ya kori ji. Ku nemi ɗan ma'aunin zafi na bango, in da hali guda biyu, ɗaya a falo ɗaya a waje cikin inuwa. Ku duba da hantsi, da azahar, da la'asar, da bayan isha, kwana biyu ko uku. Duk sa'ar da na waje ya fi, a rufe, duk sa'ar da na ciki ya fi, a buɗe. Ina son ki ba maigida wannan aikin a hannunsa, shi ya riƙa dubawa yana faɗa miki. Daga ranar taga ta daina zama ta wane ya fi wane.

Abin da ya sa bangonku yake ɗumi har sha biyun dare shi ne bulo da siminti suna shan zafi duk yini, su ajiye, sai dare ya yi su riƙa amayar da shi cikin ɗaki. Don haka aikin dare ya fi na rana muhimmanci, kuma a nan ne ra'ayin maigida zai yi muku amfani sosai. Da zarar waje ya huce ku buɗe ko'ina, tagogin da ke fuskantar juna da ƙofofin tsakanin ɗakuna, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. In kuna da fankar tsaye, ku ajiye ta kamar taku ɗaya ko biyu daga wata taga tana kallon waje. Za ta riƙa korar iskar ɗaki mai zafi, mai sanyi kuma ta shigo ta ɗaya ɓangaren. Mafi sanyin lokaci shi ne dab da asuba, saboda haka a bar su a buɗe har gari ya waye, sannan a rufe kafin rana ta yi ƙarfi, a kulle sanyin a ciki. Sai dai ku tabbata tagogin suna da raga saboda sauro kuma suna da ƙarfen tsaro. Ga wani abu da ba na so ki manta ko kaɗan: in akwai janareta, naku ko na maƙwabta, kada ya kasance kusa da tagar da kuka buɗe, kuma kada a taɓa kunna shi a cikin gida ko a baranda. A cikin hayaƙinsa akwai iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci.

Da rana kuwa babban aiki shi ne tare rana tun tana waje. Idan sama ta yi tas, hasken rana yakan kai kimanin wat 1,000 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin wuta ko zafi) a kan kowace murabba'in mita, alhali mutum a zaune kimanin wat 100 jikinsa yake fitarwa. Ki kwatanta ki ga abin da tagar ɗakin Mama take zubowa ciki kowace yamma. Labulen ciki yana taimakawa, musamman mai haske, amma kafin rana ta iso gare shi ta riga ta ratsa gilashi, zafin ya shigo. Inuwar da aka yi daga waje ta fi shi nesa ba kusa ba. Tabarma ko asabari ko farin ƙyalle mai kauri, a rataya a wajen tagar a bar ɗan tsakani yadda iska za ta ratsa. In bangon yamman ma zai samu 'yar rumfa ko wani abu da zai yi masa inuwa, za ku ji bambanci har cikin dare. Wannan aikin yini guda ne ga maigida, kuma tun da haya kuke, abu ne da za ku kwance ku tafi da shi.

Rufin shi ne babba, shi kuma sai da yardar mai gidan da kuke haya. Rufi mai duhu ko mai tsatsa yakan kai digiri 65 a ma'aunin Celsius ko fiye a rana mai zafi. In aka shafa masa farin fenti, yawancin hasken komawa sama yake yi maimakon ya zama zafi. Ba zance ne na baka ba: birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, bayan zafin shekarar 2010 ya kashe mutane sama da dubu, ya fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, daga baya kuma ya shiga shafe rufin gidajen marasa ƙarfi da farar ƙasa, don ita ce hanya mai sauƙi ta rage zafin cikin ɗaki da 'yan digirori. Maigida ya sami mai gidan da magana mai daɗi, ya nuna masa fenti yana kare kwanon daga tsatsa, ko su raba ɗawainiyar ko a cire a kuɗin haya. Ya kuma duba ko tsakanin kwano da silin akwai kafar da iska mai zafi take fita. In a toshe take, zafi yana nan a kanku kamar murfin tukunya. A yi aikin rufi da sassafe, kuma wanda ya iya hawa ya hau.

Akwai kuma zafin da ku da kanku kuke haifarwa. Murhu shi ne kan gaba: ki mayar da girki mai daɗewa zuwa sassafe ko bayan rana ta faɗi, ki rufe ƙofar kicin ki buɗe tagarsa. Guga ma haka. Tsohon ƙwan lantarki mai zare kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama, a canza shi da na zamani mara zafi. Firji yana fitar da zafi ta bayansa, kada a manna shi da bango ko a sa shi a ɗakin kwana.

Fanka kuma mutane suna yi mata gurguwar fahimta. Ba ta sanyaya ɗaki, fata take sanyayawa, don haka barinta tana juyawa a ɗakin da ba kowa ɓarnar wuta ce, sai fa wancan aikin korar iska da dare. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 40, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fanka ƙara wa jiki zafi take yi, kuma ga dattijuwa irin Mama da guminta ya ragu, ni tun kafin a kai nan ba zan dogara da fanka kaɗai ba. A jiƙa fata ko riga tukuna, sannan fanka ta yi aikinta. Rataya jiƙaƙƙen zane a taga yana aiki in iskar busasshiya ce. In gari ya yi danshi, gumi ma ba ya bushewa, to ƙara ruwa cikin iska sai dai ya ƙara muku cunkoso.

Yanzu na'urar sanyaya ɗaki. Ƙanwata, a nan ina ganin maigida bai yi kuskure ba. Ƙaramar na'ura takan ci wajen wat 1,000, fankar silin kuwa ba ta cika kai 80 ba, ya ninka fiye da sau goma ke nan, kuma wannan nauyi ne na kowane wata bayan bashin sayen. In aka sa ta a gidan da rana take shiga ta taga, rufi yana gashi, yini za ta yi tana fama. Ban ce ku cire rai ba. Ku fara da inuwa da iskar dare da rufi, ku duba ma'auninku bayan mako biyu. In har yanzu ɗakin da Mama da yarinya suke yini ya ƙi saukowa ƙasa da digiri 32, ko dare ya ƙi sanyi ana ta kasa barci, to maganar ta koma ta lafiya, sai ku zauna ku yi lissafin ƙarama guda ɗaya don ɗaki ɗaya. A wannan gaɓar 'yan'uwan maigida ma suna da hakkin a sanar da su, tun da mahaifiyarsu ce su duka. In an samu, a saita ta a digiri 27 a haɗa da fanka. Jiki zai ji kamar an rage digiri huɗu, wuta kuma ta ragu sosai.

Sai maganar da kika faɗa masa. Na san gajiya ce ta yi magana, amma ki tsaya a inda yake tsaye. Mahaifiyarsa tana kwance cikin zafi, 'yarsa tana kwana kuka, aljihunsa bai kai ba, sai ga matarsa ta ce bai damu ba. Namiji da yawa in ya kasa abu, shiru yake yi ko ya kafe a kan ɗan abin da yake da iko da shi. Ina kyautata zaton buɗe tagar nan ita ce ƙoƙarinsa na yin wani abu. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya bin ta da wadda ta fi ta. Kada ki tayar da zancen da rana in ya shigo yana gumi. Ki bari sai dare ya yi sanyi, yarinya ta yi barci, ki ce masa, "Maigida, ka yi haƙuri da abin da na faɗa. Na san ka damu da mu. Tsoro ne ya kama ni saboda Mama da yarinyar nan." Ki tsaya nan, ki bar shi ya yi magana. Bayan haka sai ki gaya masa a kan iskar dare shi ne da gaskiya, kuma akwai ayyuka biyu ko uku da sai shi.

Ke ma kina da naki hakkin, kada ban haƙuri ya haɗiye shi. Ki faɗa masa a fili cewa ba kya samun barci, ki roƙe shi ya karɓi wani abu takamaimai, ko ba Mama ruwa da magani da dare, ko riƙe yarinya da asuba ki samu ki runtsa.

Tafiya gida kuwa, in kika tafi yanzu da wannan shirun a tsakaninku, sunanta yaji ko da ba haka kika nufa ba, kuma Mama za ta yini ita kaɗai a lokacin da ta fi buƙatar ido a kanta. Amma in gidanku ya fi sanyi kuma yana kusa, bayan kun shirya ki nemi yardarsa a ranakun da zafi ya tsananta ku je ku yini can, ke da yarinya, har da Mama in za ta yarda. Awa biyu ko uku a wuri mai sanyi yana ba jiki damar hucewa. Ku fita da safe kafin rana ta buɗe, ku dawo bayan ta faɗi, ki riƙe ruwa a hanya, kuma kada ki lulluɓe yarinya da mayafi mai kauri don kare ta daga rana, zafi yake tarawa a ciki.

Yau ɗin nan, kafin azahar, ki fito da shimfiɗar Mama daga ɗakin yamma, ki rataya ko da tsohon zanen gado ne a wajen tagarta kafin a samu tabarma. Da daddare ki yi magana da maigida, ku buɗe tagogin tare. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya raya mana yarinya, Ya sanyaya muku gida. Bayan mako biyu ki rubuto mini abin da ma'aunin ya nuna da yadda Mama take shan ruwa.

Taki,
Anti